Haidurojin Da Kogin Wudil: Wa Ke Riƙe Da Lissafin Ruwan?

Duk ruwan da aka saki daga madatsar Tiga da ta Challawa, in ya tsallake gonakin shinkafar Kura da Kadawa ya kuma tsallake injinan da ke tura wa birnin Kano ruwan famfo, ta ƙarƙashin gadar Wudil yake wucewa kafin ya nufi Ringim da Haɗeja da Nguru. Kogin Kano da na Challawa suna haɗewa ne kafin su iso garin. A takardun hukuma sunan haɗaɗɗen kogin shi ne kogin Haɗeja, a bakin mutanen gari kuwa kogin Wudil. Madatsun nan biyu ke juya kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga cikinsa, wato mai riƙe da makullin ƙofofinsu shi ke yanke wa masuncin Wudil da manomin Auyo abin da za su gani a rani.

Akwai wani abu kuma da ya bambanta Wudil da sauran garuruwan bakin kogin. Daga nan zuwa yamma da kudu, ƙarƙashin ƙasa dutse ne, kogin yana tafe yana tara ruwa daga rafuka. Da ya wuce Wudil kaɗan sai ya faɗa cikin rairayin kwarin tafkin Chadi, ƙasa ta fara shanye shi, ya rarrabu cikin fadamu. Shi ya sa tun zamanin hukumar WRECA, wadda ta gina yawancin madatsun Kano, masana ke ɗaukar ma'aunin ruwa na Wudil a matsayin inda ake gane jarin kogin gaba ɗaya. Abin da ya wuce gadar shi ne uwar kuɗin da Jigawa da Yobe za su ci daga ciki har damina ta zagayo.

Yau ga wani sabon mai neman ruwa yana leƙowa daga nesa, kuma da taswira a hannunsa.

Iskar da Turai ke nema

Haidurojin iska ce mara launi mara wari, babu wadda ta kai ta rashin nauyi. Ba baƙuwa ba ce a masana'antu. A 2023 duniya ta yi amfani da kimanin tan miliyan 97 nata, galibi a matatun mai da kamfanonin takin zamani, domin da ita ake haɗa amoniya, daga amoniya kuma a fitar da yuriya. Sai dai kusan dukkanta daga iskar gas da kwal ake ciro ta, hayaƙin da ke ɗumama duniya ya tashi sama. Wadda aka samar ta hanya mai tsafta ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba.

Hanya mai tsaftar ita ce a samo lantarki daga rana ko iska, a zura shi cikin ruwa a wata na'ura, ruwan ya rabu gida biyu: haidurojin gefe, oksijin gefe. A lissafin kimiyya lita 9 na ruwa ke ba da kilo 1. A aikace ba haka ba ne, saboda sai an tace ruwan fes, fiye da na leda da muke sha, sannan sai an sanyaya injina. Da wannan lissafin yakan kai lita 20 zuwa 30. Wutar da kilo 1 ke ci kuma yunit 50 zuwa 55 ce, irin yunit ɗin da ake saye a mita.

Jamus ce kan gaba wajen neman wannan iska daga Afirka, don masana'antunta na ƙarfe da sinadarai ba za su iya rabuwa da gas ba sai da ita, ƙasar kuma ba ta da rana irin tamu. A 2020 ma'aikatar ilimi da bincike ta Jamus ta ɗauki nauyin wani aiki mai suna H2Atlas-Africa, wanda cibiyar bincike ta Jülich ta gudanar tare da WASCAL, cibiyar nazarin sauyin yanayi ta Yammacin Afirka. A watan Mayun 2021 aka fitar da sakamakon farko, inda aka ce yankinmu zai iya samar da haidurojin da ya ninka bukatar Jamus sau da yawa. A shekarar aka buɗe ofishin haɗin gwiwar Jamus da Najeriya kan haidurojin a Abuja, kuma Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ta shiga sahun jami'o'in da ke horar da ɗaliban digiri na biyu a fannin. A 2023 ECOWAS ta amince da manufarta: tan 500,000 a shekara nan da 2030, tan miliyan 10 nan da 2050.

Babu masana'antar haidurojin a Wudil, babu a Kano. Amma taswirar da aikin H2Atlas ya fitar tana nan a intanet, kowa na iya buɗewa kyauta, kuma duk wanda ya duba taswirar hasken rana ta Bankin Duniya zai ga Arewa ta fi Kudu nesa ba kusa ba. Inda rana ta fi, nan ruwa ya fi ƙaranci. Namibiya da Mauritaniya da Saudiyya, waɗanda suka yi nisa a wannan harka, sun kuɓuta daga wannan tarko ne don suna bakin teku: kamfanin Hyphen a kusa da Lüderitz ta Namibiya da aikin NEOM na Saudiyya duk da ruwan teku da aka cire wa gishiri suka tsara aiki, kuɗin tacewar kuma ɗan kaɗan yake ƙarawa a farashi. Kano kuwa tsakaninta da teku kusan kilomita 1,000 ne. Duk mai son raba ruwa a nan, ko dai ya sa hannu a kogi, ko a madatsa, ko ya haƙa burtsatse.

A yi lissafi tukuna

Kafin a tayar da hankali, ya kamata a ɗauki alƙalami. A ƙaddara an kafa na'ura mai cin megawat 100, wato ninki goma na tashar sola ta Kumbotso da aka buɗe a Janairun 2023. Idan da rana kaɗai za ta yi aiki, za ta samu abin da ya kai sa'o'i 2,200 na cikakken aiki a shekara, ta fitar da kimanin tan 4,000 na haidurojin. A kan lita 30 kowane kilo, ruwan da za ta sha a shekara lita miliyan 120 ne, ko kubik mita 120,000.

Matatar ruwa ta Tamburawa an gina ta ne don ta tace lita miliyan 150 a rana guda. Hekta ɗaya ta shinkafar rani takan sha kubik mita 10,000 ko fiye kafin a yanke ta. Ke nan ruwan shekara na wannan masana'anta bai wuce na hekta 10 zuwa 12 na shinkafa ba. In aka juya tan 4,000 ɗin zuwa amoniya, aka kuma samo iskar kabon da ake haɗawa da ita, za a iya fitar da yuriya kusan buhu 800,000. Manomin da ya sayi taki a 'yan shekarun nan ya san abin da wannan adadi ke nufi. Ko burin ECOWAS na 2050 gaba ɗaya, tan miliyan 10, ruwansa kubik mita miliyan 300 ne, kusan sulusin abin da madatsar Challawa ke ɗauka in ta cika. Abin da rana ke ƙafar da shi daga saman Tiga kowace shekara ma da ɗaruruwan miliyoyi ake lissafa shi.

Don haka masu cewa haidurojin zai shanye kogi sun yi zuzutawa. Fili ma ya fi ruwa zama abin rigima: faifan sola na megawat 100 na bukatar hekta 200 ko fiye, a yankin da kowane taku gonar wani ce, ko burtali, ko makiyaya. (Gana ta fara gwada shimfiɗa faifan a kan ruwan madatsar Bui, dabarar da ta cancanci a auna ta a Tiga, tunda tana rage ƙafewa kuma ba ta cin gonar kowa.)

To ina matsalar? Lissafin shekara yana ɓoye lissafin wata. Ruwan wannan kogi a Agusta da Satumba ya wuce bukata, har ya yi ɓarna, kamar yadda aka gani a 2001 lokacin da ambaliya ta ci garuruwa a Kano da Jigawa, da kuma 2022. A Afrilu da Mayu kuwa kowace lita da mai ita. A lokacin ne rijiyoyi ke ja baya, mai injin ban ruwa a fadama ke ƙara tsawon tiyo, 'yan garuwa ke ƙara kuɗin jarka, shanun da ake kawowa karar Wudil ranar Juma'a ke neman mashaya. A lokacin ne kuma rana ta fi ƙarfi, injina suka fi bukatar sanyi, faifan sola da ƙurar hunturu ta lulluɓe suke neman wanki. Masana'anta ba ta hutu don ruwa ya ja. Idan burtsatse za ta dogara da shi a ƙasar dutse, inda ruwan ƙarƙashin ƙasa yake maƙale a tsaguna, kubik mita 300 zuwa 400 a rana na iya ƙafar da rijiyoyin ƙauyukan da ke kewaye, alhali a lissafin jiha adadin bai taka kara ya karya ba.

Abin da tauraron ɗan'adam ba ya gani

A yaba wa masu taswirar, ba su manta da ruwa ba. Sun ƙiyasta ruwan saman da ke nutsewa ƙasa kowace shekara, suka cire abin da muhalli ke bukata da abin da mutane da gonaki da masana'antu ke ɗiba, ragowar suka ce shi ne za a iya taɓawa ba tare da cutarwa ba. Akwai wasu rumbunan bayanai irin wannan da ke buɗe ga kowa: Aqueduct mai nuna inda ruwa ke ƙaranci a duniya, WaPOR na hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai nuna ruwan da amfanin gona ke sha, da taurarin GRACE da Amurka da Jamus suka fara harbawa a 2002, masu gane raguwar ruwan ƙarƙashin ƙasa ta hanyar sauyin nauyin ƙasar. Ɗalibi a Wudil mai waya da data zai iya duba su duka a zaune a ɗakinsa.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Waɗannan kayan aiki ido ne. GRACE yana ganin yanki mai faɗin ɗaruruwan kilomita a dunƙule, ba ya rarrabe Wudil da Gaya, balle Garko da Warawa. Taswirar haidurojin ƙiyasin kwamfuta ce, kowane ɗigo a cikinta ya haɗiye ƙauyuka da yawa. Ba ta san ranar da aka buɗe ƙofar Tiga ba, ba ta san burtsatse nawa aka haƙa bara ba tare da rajista ba, ba ta san yadda ɗiban yashi ya sauya gindin kogin ba, ba ta kuma san abin da masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa ke zubarwa a ruwan da ke gangarowa ba. Ƙiyasi irin wannan sai an gwada shi da awon da aka yi a ƙasa kafin a dogara da shi. Mudun kuwa yana hannunmu: sandar awo a bakin kogi, littafin ma'aikacin madatsa, takardar mai haƙa rijiya da ke nuna zurfin da ya tarar da ruwa da yawan da ta bayar.

A nan aka yi baya ba zani. Bayanin da aka haɗa a Jamus kan ruwanmu a buɗe yake, namu da muka auna da hannunmu a warwatse yake. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da madatsun biyu. Hukumar NIHSA ta tarayya ke tattara alƙaluman koguna tana fitar da hasashen ambaliya duk shekara. Ruwan sama na hannun hukumar hasashen yanayi, NiMet. Lasisin ɗiban ruwa na hannun wata hukumar a Abuja, famfo na hannun hukumar ruwa ta jiha, rijiyoyin karkara na hannun wata daban. Hanyar da aka saba bi wajen samun alƙaluman ita ce a rubuta takarda a jira amincewa, wani lokaci da biyan kuɗi. Masu bincike kan wannan kogi sun daɗe suna kokawa da giɓin shekaru a cikin rikodin, musamman daga lokacin da kuɗin kula da tashoshin awo ya ja baya a shekarun 1980. Kamfani mai kuɗi zai ɗauko ƙwararru su bi ofis-ofis su haɗa abin da yake so, ya rubuta rahoton da ya dace da bukatarsa. Ƙungiyar manoman fadama ba ta da wannan hali. A zaman sauraron ra'ayin jama'a, ɓangare ɗaya ya zo da alƙaluma, ɗayan ya zo da rantsuwa.

An taɓa yin irin wannan

Mutanen wannan kwari ba yau suka fara ganin babban aiki da aka tsara ba tare da cikakken lissafin na ƙasa ba. An kammala Tiga a 1974 zamanin Audu Baƙo, bayan farin da ya gigita Arewa, kuma ba mai musun alherinta: shinkafar Kura da tumatirin Kadawa da ruwan famfon Kano duk daga gare ta ne. Challawa ta biyo baya a 1992. Amma ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru duk damina ta ragu ƙwarai, ruwan rani da ake saki ba ƙaƙƙautawa kuma ya ba ciyawar kacala damar toshe hanyoyin ruwa, ta mamaye gonaki, ta zama mafakar jan-baki. A 1998 wasu masana biyu, Edward Barbier da Julian Thompson, suka wallafa nazarin da ya nuna cewa abin da ake asara a fadamun ƙasa, na noma da su da itace, ya fi ribar da noman ranin sama ke kawowa da ruwan da aka tare. Lissafin ya zo ne bayan an gama zuba kankare.

A 2006 gwamnonin Kano da Jigawa da Bauci da Yobe da Borno da Filato suka hallara a Damaturu, aka amince da tsarin kula da kwarin tare, aka kafa asusu na musamman, bayan an yi ƙidayar ruwan da ake da shi da masu ɗibarsa. Daga 2014 Bankin Duniya ya zuba kuɗi ta shirin TRIMING wajen gyaran madatsu da magudanan noman rani a wannan kwari da wasu. An yi aiki, ba a ce ba a yi ba. Abin da bai zama al'ada ba har yanzu shi ne a wayi gari kowa ya iya duba cewa jiya kaza aka saki daga Tiga, kaza daga Challawa, kaza ya wuce Wudil. Ko ba don haidurojin ba, wannan bayani na ceton rai. Wanda ya tuna fashewar madatsar Bagauda a 1988, ko ta Alau da ta cinye Maiduguri a Satumban 2024, ba ya bukatar dogon bayani.

Ta fuskar doka ba a rasa madafa ba. Tun 2011 Najeriya ke da dokar 'yancin samun bayanai, ta kuma shiga ƙawancen ƙasashe masu gudanar da gwamnati a buɗe a 2016. Sai dai dokar tana aiki ne in mutum ya nema, ya jira. Awon kogi kamar hasashen yanayi ne, amfaninsa a ranar yake.

Jami'a a bakin kogi

Wudil na da abin da yawancin garuruwan bakin kogi ba su da shi. Jami'ar Kimiyya da Fasaha da aka buɗe a 2001, wadda aka sauya wa suna zuwa ta Aliko Ɗangote a 2022, tana da sassan injiniya da noma da nazarin ƙasa da muhalli, kuma kogin na gefenta. Na'urar da ke auna tsayin ruwa ta aika ta layin waya duk sa'a ba ta kai kuɗin motar babban jami'i guda ba. Ɗaliban da ke neman abin rubutawa a shekarar ƙarshe za su iya auna zurfin rijiyoyi a ƙauyukan Wudil da Garko da Gaya wata-wata, a tara a shafi guda da kowa zai sauke. Tsofaffin littattafan awo da ke kwance a ofisoshi su ma a kwafe su cikin kwamfuta tun gara ba ta gama da su ba. In aka haɗa hannu da Cibiyar Noman Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero, cikin shekara biyar za a samu abin da za a gwada taswirar Jülich da shi, a ce nan ta yi daidai, nan ta kauce. Masu taswirar ma riba ce gare su.

Bayanan za su iya nuna cewa ba kogin ne ya dace da irin wannan masana'anta ba. Birnin Kano da masana'antunsa na zubar da gurɓataccen ruwa mai yawa kowace rana, wanda ƙarshensa koguna. Tunda dai dole sai an tace ruwan haidurojin har ya fi na sha, mai zuba jari zai iya farawa da wannan, ya rage wa masuntan Wudil guba maimakon ya rage musu ruwa. Amma sai an san yawansa da abin da ke cikinsa, sai kuma an faɗi inda za a kai dattin da tacewar za ta bari, domin shi ma ba ɓacewa yake ba.

Ba kuma lallai ne harkar ta iso nan kusa ba. Haidurojin mai tsafta har yanzu ya fi na gas tsada sosai, kamfanoni da dama a duniya sun jingine ayyukansu a 2024 da 2025, kuma bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, in ya fara aiki, zai kawo abokin gasa mai araha har gida. Ga kuma tambayar da kowane mai shagon walda zai yi: a jihar da wuta ba ta isa ba, me ya sa za a ɗauki megawat 100 a mayar da shi iska? Idan amsar ita ce taki ga manomin Arewa, akwai abin saurare. Idan amsar ita ce a loda wa Turai, tashar jiragen ruwa ta yi nisa, kuma Legas da Fatakwal sun fi mu hujja.

Wannan jinkiri dama ce. Alƙaluman kogi ba a sayen su rana guda, sai an yi shekaru ana aunawa kafin su yi magana. Majalisun dokokin Kano da Jigawa na da ikon sa sharaɗi tun yanzu cewa ba za a ba kowane kamfani fili don masana'anta mai shan ruwa da yawa ba, ta haidurojin ce ko ta lemo ko ta taki, sai ya wallafa inda zai ɗebi ruwan da yawan da zai ɗiba wata-wata, da Hausa da Turanci. Hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are kuma ta fara da abu mafi sauƙi: ta riƙa sanar da abin da ta saki daga Tiga da Challawa da abin da ya wuce gadar Wudil kowace rana, a shafinta na intanet da gidajen rediyo, kamar yadda ake faɗin farashin hatsi a Dawanau.